Sa'ad da Ofis Ya Biyo Ma'aikaci Har Gida

Duk wanda ya taɓa zuwa Daura ya ji labarin rijiyar Kusugu. Tsofaffi sun ce a zamanin Sarauniya Daurama akwai wani maciji a cikinta, ana ce da shi Sarki, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Jumma'a kaɗai. Da baƙon nan Bayajidda ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya roƙi ruwa, sai ta ce masa babu, sai dai ya jira Jumma'a. Shi kuwa ya karɓi guga ya tafi da dare, ya kashe macijin. Tun daga ran nan mutanen gari suka sami ruwa kowace rana. Rijiyar tana nan har wa yau, an gina mata ɗaki, baƙi suna zuwa kallo daga nesa.

Abin da ya tuna mana da wannan labari shi ne wani sabon hali da ya shigo gidajen ma'aikata, a unguwar Kusugu da sauran unguwannin Daura, har ma da ko'ina cikin ƙasarmu. A dā ma'aikaci ba ya ganin wasiƙun ofis sai ran aiki, a cikin ofis. Yanzu kuwa yana zaune a ɗakinsa, ya buɗe kwamfuta ko waya, ya karanta duk abin da aka aiko masa, ko da tsakar dare ne. Rijiyar wasiƙu ta zama a buɗe kullum. Wannan alheri ne, ba mu musu. Amma kowace uwa ta san rijiyar da ke tsakar gida tana bukatar murfi. A wannan wata muna so mu duba wannan al'amari tare da ku, masu karatu, gama ya shafi zaman iyali ƙwarai.

Yadda Ake Yi A Dā

Iyayenmu da suka yi aikin En'e ko na gwamnati sun san wata irin rayuwa dabam. Wasiƙa takan zo ta gidan waya, masinja ya ɗauko ta a jaka, akawu ya buɗe ya sa a fayil, a kai teburin mai ita. Amsa kuma sai an buga ta a tafireta, an sa hannu, an liƙa kan sarki. Kafin ta kai inda za ta, an yi kwanaki. In abu na gaggawa ne sai a buga talgiram, ko a tashi masinja a kan keke.

Da an tashi daga aiki, akawu ya kulle kabad, ya sa makulli a aljihu, ya kama hanyar gida. Aikin ya kwana a ofis, shi kuma ya kwana cikin iyalinsa. Ba wai mutanen dā sun fi mu hikima ba ne. Bango da makulli da nisan hanya su ne suka raba musu ofis da gida, ba tare da sun sha wahalar tunani ba.

A shekarar 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika da saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ da muke gani a kowane adireshin imel. A nan Nijeriya abin bai zama ruwan dare ba sai bayan da wayar salula ta shigo a shekarar 2001. Da farko sai an je shagon intanet an biya kuɗin awa. Daga baya intanet ta shiga cikin wayar hannu, ta haka kuma ta shiga ɗakin kwana.

Ina Wasiƙar Take Zama?

Mutane da yawa suna zaton wasiƙun ofis suna cikin kwamfutar da ke kan teburinsu a ofis. Yawanci ba haka ba ne. Suna ajiye ne a wata babbar na'ura mai ajiya, wadda wataƙila tana Abuja, ko Legas, ko ma a wata ƙasa ta ƙetare. Ku ɗauka kamar akwatin gidan waya ne. Akwatin yana can, kai kuwa makulli ne a hannunka. Makullin nan shi ne adireshinka da kalmar sirrinka. Duk inda ka sami intanet, ko a Kusugu, ko a Mai'aduwa, ko a Zango, in ka sa makullin akwatin zai buɗe. Haka kuma zai buɗe wa duk wanda makullin ya faɗa hannunsa.

Akwai hanya biyu da kwamfutar gida take bi ta ɗauko wasiƙu. Ɗaya, wadda masana suke kira POP, takan kwaso wasiƙun ta zuba su cikin kwamfutar gida, in ba a gyara ta da kyau ba kuma sai ta share su daga can ma'ajiyar. Ma'aikaci ya koma ofis ran Litinin ya tarar akwatinsa fayau, wasiƙun duka sun kwana a gida. Ta biyu, wadda ake kira IMAP, takan bar wasiƙun a inda suke, ta nuna maka su kawai. Haka nan in mutum ya buɗe akwatinsa ta shafin intanet, wasiƙun suna nan a ma'ajiya. Saboda haka kafin ka haɗa kwamfutar gida da akwatin ofis, ka tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku wace hanya suka yarda da ita. Waɗansu ofisoshi ma ba su yarda a buɗe daga waje ba sam, sai ta wata keɓaɓɓiyar hanya da su da kansu za su ba ka.

Shekarar Da Aka Rufe Daura

Mutanen Daura ba za su manta da watan Afrilu na shekarar 2020 ba. A garin ne aka fara samun cutar korona a Jihar Katsina, sai gwamna na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ba da umarni a rufe ƙaramar hukumar Daura, ba shiga ba fita. Tun a watan Maris kuwa gwamnatin tarayya ta riga ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna su yi aiki daga gida. Wanda ya zo ganin gida rufewar ta rutsa da shi, ba shi da hanyar sanin abin da ake ciki a ofis sai ta waya da imel. A kwanakin nan ne mutane da yawa suka koyi buɗe akwatin ofis daga ɗaki.

Cutar ta lafa, amma halin bai tafi ba. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta mai da kwanakin zuwa ofis huɗu a mako, ta ce yawancin ma'aikata su yi aikin Jumma'a daga gida. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, sai jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako a wancan lokaci.

Daura kanta ta ƙaru da ma'aikata. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, a wannan shekara kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ga malamai, ga ma'aikatan asibiti, ga na banki, ga na kan iyaka a Kongolam. Ga kuma 'yan asalin garin da suke aiki a Katsina, Kano ko Abuja, suna zuwa gida ƙarshen mako, ko lokacin Sallar Gani, ko hutun ƙarshen shekara. Yawancinsu ofis yana cikin jakarsu.

Amfaninsa Ba Kaɗan Ba Ne

Bari mu faɗi gaskiya, abin yana da amfani. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 80 ce. Mutumin da dā sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa domin ya karɓi takarda guda, yanzu yana iya ganinta kafin shayinsa ya huce. Wanda mahaifiyarsa take kwance ba lafiya yana iya zama kusa da ita, aikinsa kuma bai tsaya ba. Ma'aikaciyar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi tana iya aika rahotonta daga bakin gado. Wanda yake hutu ya ga sanarwar jarrabawar ƙarin girma a kan lokaci, ba sai ya dawo ya ji an riga an yi ba. Duk waɗannan abin godiya ne.

Abin Da Gida Yake Asara

To, amma bari mu ɗauki misalin wani gida, irin wanda kowannenmu ya sani. Maigida yana aiki a Katsina, ba ya zuwa sai ran Jumma'a da yamma. Yara sun yi kwana biyar suna jiransa. Uwargida ta tuƙa tuwo, ta ajiye maganganun da take so su yi shawara a kai: kuɗin makaranta, rufin ɗaki da yake yoyo, bikin ƙanwarta. An shimfiɗa tabarma, an zauna. Sai maigida ya ce, "Bari in leƙa minti biyu kawai." Ya buɗe kwamfuta. Ga wasiƙa daga shugabansa, ana son wani lissafi kafin Litinin. Fuskarsa ta canza. Ƙaramin yaro ya zo da littafinsa yana cewa, "Baba, dubi makin da na ci." Sai ya ji, "Je ka wurin Mamanka, ina aiki." Tuwo ya huce. Uwargida ta haɗiye maganarta. Ran Lahadi da yamma maigida ya koma Katsina. Jikinsa ya zo gida, amma shi kansa bai zo ba.

Ba maza kaɗai ba ne. Uwargidan da take aikin banki ko koyarwa ita ma takan zauna da waya a hannu, jariri yana kuka, ita kuwa tana amsa wasiƙa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake ƙoƙarin zama a ofis da gida a lokaci guda, ba ya ƙosar da ko ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa wasiƙar ba ta gaggawa ba ce. Ko da an karanta ta ran Asabar, ba abin da za a iya yi sai Litinin. Amma da zarar ido ya gan ta, hankali ya tashi, barci ya gudu. Mutum ya sayi damuwar kwana biyu a banza.

Akwai kuma batun kuɗi. Data ba kyauta ba ce. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wasiƙa mai rubutu kaɗai ba ta cin data sosai, amma takardu da hotunan da ake maƙalawa a jikinta suna ci. In wuta ta ɗauke kuma sai a tayar da janareto. Wa yake biya? In ofis bai biya ba, daga kuɗin cefane yake fita. Ya kamata miji da mata su san wannan, su yi lissafinsa a fili.

Abin Da Ofis Yake Asara

Ƙofar nan fuska biyu gare ta. Kamar yadda ofis yake shigowa gida, haka gida yake shiga ofis. Kwamfutar gida ta kowa ce. Ɗalibi yana aikin makaranta da ita, ƙanen maigida yana kallon ƙwallo, maƙwabci ya zo aro domin ya cika takardar neman aiki. In maigida ya bar akwatin ofis a buɗe, ko ya bar kwamfuta ta riƙe masa kalmar sirri, to, duk waɗannan suna iya ganin albashin abokan aikinsa, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko takardun marasa lafiya. Yaro yana iya share wasiƙa ko ya aika da ita inda bai kamata ba, ba da mugun nufi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ɓarayi kuma sun san wannan tsaga. Sukan aiko da wasiƙa mai kama da ta ofis, su ce akwatinka ya cika, ko za a rufe shi, ka danna nan ka sa kalmar sirrinka. Shafin da zai buɗe kamar na gaske ne, amma nasu ne. Kada wani ya ce shi ya fi ƙarfin wannan tarko. A shekarar 2018 irin wannan wasiƙa ta kama babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac a Ingila, mai sayar da manyan motocin aiki na Caterpillar. Ya sa kalmar sirrinsa a shafin ƙarya. Ɓarayin suka shiga akwatinsa, suka riƙa aika umarnin biyan kuɗi da sunansa, har kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 11. A watan Fabrairu na 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya, Obinwanne Okeke, shekara 10 saboda hannunsa a cikin wannan zamba. In gwanin lissafi a babban kamfani ya faɗa, ina ga mai gajiya da yake duba wasiƙa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara suna hayaniya a kansa?

Mu tuna kuma, tun daga watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Ofishin da yake riƙe da bayanan jama'a wajibi ne ya tsare su. Ma'aikacin da ya bar su suka yoyo ta kwamfutar gidansa yana iya jawo wa ofishinsa hukunci, ya kuma jawo wa kansa asarar aiki. In aiki ya tafi, iyali duka ne suke shan wahala.

Abin Da Waɗansu Ƙasashe Suka Yi

Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba. A shekarar 2011 kamfanin motoci na Volkswagen a Jamus ya shirya na'urarsa ta daina tura wa waɗansu ma'aikata imel a waya rabin awa bayan tashi, sai rabin awa kafin a kama aiki kashegari. A Faransa, tun daga 1 ga Janairu 2017, doka ta ce kamfanin da yake da ma'aikata 50 ko fiye ya zauna da su a yi shawara a kan lokacin da mutum yake da ikon kashe na'urarsa. Ƙasar Fotugal ta yi doka a 2021 wadda ta hana shugabanni neman ma'aikata a lokacin hutunsu, sai da dalili mai ƙarfi. Ostareliya ma ta bi sahu a 2024, ta ba ma'aikaci ikon ƙin amsa saƙon aiki bayan tashi, muddin ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba.

Waɗannan ƙasashe sun gane cewa bangon da ya raba ofis da gida ya rushe, dole a gina wani. Mu ma ba sai mun jira majalisa ba. Kowane gida yana iya gina nasa.

Shawara Ga Iyali

Na fari, a sa lokaci. Miji da mata su zauna su yanke shawara: rabin awa da safe, ko rabin awa bayan la'asar, shi ke nan. Yara ma su san lokacin, domin kada su dami mai aiki a cikinsa, shi kuma kada ya ci nasu lokacin.

Na biyu, a keɓe lokutan da ba a taɓa na'ura ko kaɗan: lokacin cin abinci, lokacin ibada, sa'ad da baƙo ya zo gaisuwa, da kuma bayan an shiga kwana. Rana ɗaya a mako ta zama ta hutu sosai.

Na uku, a yi magana da shugaba cikin ladabi tun kafin a tafi hutu. Ana iya cewa, "Ranka ya daɗe, zan duba wasiƙu sau ɗaya kowace safiya. In wani abu ya taso na gaggawa, a kira ni a waya." Yawancin akwatunan imel suna da wurin da za ka rubuta amsar da za ta tafi da kanta, mai cewa kana hutu, za ka dawo rana kaza, a tuntuɓi wane. A yi amfani da shi.

Na huɗu, a rufe rijiya. In an gama, a fita daga akwatin sosai, kada a rufe murfin kwamfuta kawai. Kada a bar kwamfutar da kowa yake taɓawa ta riƙe kalmar sirri. In da hali, mai aiki ya buɗe sashensa dabam a cikin kwamfutar, yara su sami nasu. A kunna tsaron nan mai hawa biyu, wanda yake aiko da lamba a waya kafin akwati ya buɗe. Lambar nan kuwa ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga ofis yake kira.

Na biyar, duk wasiƙar da ta zo da gaggawa tana neman kalmar sirri, ko tana cewa a biya kuɗi a wani sabon asusu, kada a yi kome tukuna. A kira wanda aka ce shi ya aiko, da lambar da aka riga aka sani. In an riga an danna, kada a ɓoye don kunya. A canza kalmar sirri nan take, a sanar da ofis.

Na shida, ku shugabanni, maganar ta fi shafarku. Wasiƙar da ka aika da ƙarfe goma na dare, a wurinka tunani ne da ya zo maka, amma a wurin ƙaramin akawu umarni ne, ba zai iya barci a kansa ba. Akwatuna da yawa suna da hanyar da za ka rubuta yanzu, ka sa ta tafi da safe. Yi hakanan. Wanda yake ƙarƙashinka shi ma uban wani ne, ko uwar wani.

Mu Tambayi Kanmu

Ba mu ce a jefar da kwamfuta ba. Mutanen Daura ba su so a mayar da maciji cikin rijiya ba, mu ma ba mu so mu koma zamanin da takarda take yin mako guda a hanya. Abin da muke cewa shi ne, dā nisa da makulli su ne suke tsare mana gida, yanzu kuwa tsaron ya dawo hannunmu.

Saboda haka a daren yau, bayan an ci abinci, bari maigida da uwargida su tambayi juna. Sau nawa aka buɗe akwatin ofis a gidan nan cikin makon da ya wuce? A ciki, sau nawa ne ya zama dole? Wa ya san kalmar sirrin, ban da mai ita? In kuwa kuna so ku ji amsa ta gaskiya, ku tambayi yara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa a cikin ɗakin suke kwana.